Shin Ko Kun San? Yadda Kuɗin Najeriya Suka Ƙaura Daga Aljihu Zuwa Waya

Shin ko kun san cewa naira 1,000, takardar kuɗi mafi girma a Najeriya, tun watan Oktoban 2005 ta fito, kuma har yau ba a buga wadda ta fi ta ba? A shekarar da ta fito tana daidai da dalar Amurka bakwai da 'yan kai. A 2024 kuwa ko dala ɗaya ba ta kai ba. Ke nan ɗan kasuwar da zai biya naira miliyan 10 a Dawanau ko Kantin Kwari, in har da tsaba zai biya, sai ya ɗauko takardu 10,000, wato bandir 100, a baje su a ƙirga, a sake ƙirgawa, ga fargabar hanya kafin a iso. Duk wanda zai yi bayanin yadda mutanenmu suka rungumi tiransifa bai fara daga nan ba, ya yi tuya ya manta da albasa.

Shin ko kun san cewa Najeriya ta riga manyan ƙasashe da dama samun tsarin da mutum zai tura kuɗi daga wannan banki zuwa wancan su isa nan take? A 2011 aka ƙaddamar da shi, sunansa NIP.  Birazil ta kawo Pix a 2020. Babban bankin Amurka kuwa sai a 2023 ya buɗe nasa mai suna FedNow. Kamfanin da ke riƙe da namu shi ne NIBSS, wanda Babban Bankin Najeriya da sauran bankuna suka kafa tun 1993. Mutane ƙalilan ne suka san sunansa, alhali alat ɗin da ke shigowa wayarku daga wani banki galibi ta hannunsa ya biyo.

Kuɗin da suka bi ta wannan hanya a 2022 sun kai naira tiriliyan 387. A 2023 suka koma tiriliyan 600. A 2024 suka haura tiriliyan 1,000. Gaskiya ne faɗuwar darajar naira ta kumbura waɗannan alƙaluma, amma adadin turawar ma ya ƙaru: an tura kuɗi sama da sau biliyan 11 a 2024 kaɗai.

Shin ko kun san dalilin da ya sa kowace lambar asusu take da lambobi 10 cif? A da kowane banki da irin tsawon tasa. Babban Banki ne ya daidaita su, tsarin ya fara aiki a 2011. Wannan daidaitawa ce daga baya ta ba kamfanoni irin su OPay da PalmPay wata dabara mai sauƙi: lambar waya tana da lambobi 11, in aka cire sifilin farko saura 10. Sai lambar wayar mutum ta zama lambar asusunsa. Mai shayi da mai tsire ba su da buƙatar haddace komai sabo, abin da suka daɗe da sani ne suke karanta wa mai saye.

Shin ko kun san cewa a zamanin da Sanusi Lamido Sanusi ke gwamnan Babban Banki aka fara manufar rage amfani da tsabar kuɗi? An gwada ta a Legas a watan Janairun 2012. A watan Yulin 2013 aka faɗaɗa ta zuwa Kano da Abuja da Ribas da Ogun da Anambara da Abiya. Dokar ta ce mutum ɗaya da ya ciri sama da naira 500,000 a rana, ko kamfanin da ya ciri sama da miliyan 3, zai biya wani kaso a kan rarar. Shekara goma aka yi ana wannan, talaka bai ma san ana yi ba, domin ba shi da naira 500,000 ɗin da zai cira.

Shin ko kun san cewa hanyar da Najeriya ta bi ta saɓa da ta Kenya? A can kamfanin waya na Safaricom ne ya fito da M-Pesa a 2007, nan da nan ta game ƙasar har ƙauyuka, domin duk inda ake sayar da katin waya nan ne wurin ajiya da cira. A nan kuwa Babban Banki ya ƙi barin kamfanonin waya su ja ragamar harkar, ya ce aikin bankuna ne da kamfanonin da ya ba lasisi. Sai a 2018 ya fito da wani sabon nau'in lasisi, kuma sai a 2022 MTN ta buɗe bankinta na MoMo, Airtel ta buɗe SmartCash, su ma da sharaɗin ba za su ba da rance ba. A ganina wannan jinkiri Arewa ce ta fi ɗanɗana kuɗarsa. Ƙauyen da ba a taɓa ganin reshen banki ba, an daɗe da ganin mai sayar da kati a cikinsa, kuma da an buɗe ƙofar tun wuri, da shekarun da muka yi a baya sun ragu.

Shin ko kun san cewa na'urar POS ba don a ciri kuɗi aka ƙirƙiro ta ba? Asalinta don mai kanti ya karɓi kuɗin kayansa ta kati ne. A 2013 Babban Banki ya fitar da ƙa'idar da ta halatta wa bankuna naɗa wakilai a unguwanni, sai 'yan Najeriya suka mayar da na'urar reshen banki sukutum. Tebur ɗaya, lema ɗaya, benci, littafin rubuta lissafi, da ɗan jarin da bai taka kara ya karya ba. Zuwa ƙarshen 2024 na'urorin POS da aka raba a ƙasar sun haura miliyan 5, alhali injinan ATM gaba ɗayansu ba su kai 25,000 ba.

A nan nake so mu ɗan tsaya, domin mai POS ne ainihin jigon wannan labari, ba manyan gine-ginen Legas ba. Shi ne ya san tsohuwar da ɗanta ke aiko mata da kuɗi daga Fatakwal duk ƙarshen wata. Da ta tsaya ta ce, "Ɗana, duba mini ko an turo," shi kuma ya ce, "Sun shigo, Baba, nawa za a ba ki?" Ba ta cika fom ba, ba ta bi layi ba, ba wanda ya yi mata Turanci. Shi ne ke buɗewa bayan sallar asuba ya kai har bayan isha'i, ranar Asabar da Lahadi da ranar Sallah. Dubban matasan da suka gama karatu suka rasa aiki a wannan sana'a suka fake, maza da mata. Kuma sana'a ce mai haɗari: duk unguwa ta san a wurinsa tsaba take, ɓarayi ma sun sani.

Abin lura kuma, wannan runduna da ake ƙirgawa cikin nasarar rage tsabar kuɗi, babban cinikinta sayar da tsabar ne. Da yawansu ba daga banki suke samo ta ba, daga gidajen mai da manyan 'yan kasuwa suke karɓa su tura musu ta waya, wani lokaci da ɗan ƙari a kai. Wannan ƙari a kan wanda ya zo cira yake ƙarewa. Har ta kai tambayar ta isa gaban malamai a wuraren karatu da shirye-shiryen rediyo: cajin da mai POS ke karɓa ladan aiki ne ko kuwa ya shiga babin riba?

Shin ko kun san cewa abin da shekara goma ta lallashi ta kasa yi, wata uku na wahala ne suka yi shi? Ranar 26 ga Oktoban 2022 gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Hujjarsa ita ce daga cikin naira tiriliyan 3.2 da ke yawo, kusan tiriliyan 2.7 suna wajen bankuna. Sababbin takardu suka fara fita ranar 15 ga Disamba, aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairun 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mutane suka kwashi tsofaffin suka kai banki, sababbin kuma ba su wadata ba. Zuwa watan Fabrairu kuɗin da ke yawo a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ya faɗo ƙasa da naira tiriliyan 1.

Wanda ya ga lokacin ba ya buƙatar a ba shi labari. An kwana a layin ATM. Akwai wuraren da mutum ya biya naira 2,000 don ya karɓi 10,000 daga cikin kuɗinsa na halal. A kasuwannin ƙauye kaya suka zama masu farashi biyu, na tsaba da na tiransifa, manomi ya karyar da hatsinsa, makiyayi ya karyar da dabbarsa, don kawai ya riƙe takarda a hannu. Marasa lafiya sun wahala a bakin asibitoci. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara ne suka fara kai gwamnatin tarayya ƙara Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki har ƙarshen shekarar, daga baya ma aka cire wa'adin gaba ɗaya. Ban yarda a riƙa kiran wannan lokaci nasara ba don kawai alƙaluman tiransifa sun tashi. An koyi darasin, amma da yunwa da hawaye aka koye shi, kuma waɗanda ba su da asusu ko kaɗan su suka fi biya.

A cikin wannan ƙunci ne manhajojin manyan bankuna da yawa suka riƙa sarewa saboda cunkoso, a cire wa mutum kuɗi, wanda aka tura wa bai gani ba. Sababbin kamfanoni kuwa nasu na tafiya cikin daƙiƙa kaɗan. Daga nan ne mai kayan miya da mai a-daidaita-sahu suka yanke hukuncinsu, ba tare da wani ya yi musu talla ba: inda alat ke shigowa da wuri, nan za a ajiye kuɗi.

Shin ko kun san cewa OPay da haya ta fara shiga idon jama'a? Kamfanin Opera, mai manhajar shiga intanet ta Opera Mini, shi ya kafa ta a 2018. Ta zuba babura masu suna ORide a Legas, ta kawo 'yan a-daidaita-sahu masu suna OTrike har Kano. Da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a manyan unguwanni a farkon 2020, ga kuma korona, sai ta ajiye harkar sufuri ta duƙufa kan kuɗi. A 2021 masu zuba jari suka ƙiyasta darajarta a dala biliyan 2.

PalmPay, wadda ta fito a 2019, tana da goyon bayan Transsion, kamfanin ƙasar Sin mai ƙera wayoyin Tecno da Infinix da itel. Wanda ya sayar maka da wayar, shi ne kuma ya tsaya a bayan asusun da ke cikinta.

Moniepoint kuwa da can sunanta TeamApt, Tosin Eniolorunda da Felix Ike suka kafa ta a 2015, aikinta rubuta wa bankuna manhaja. Sai daga baya ta fito kasuwa da kanta ta hanyar wakilai, kuma a watan Oktoban 2024 darajarta ta kai dala biliyan 1. Kafin su duka akwai Interswitch ta Mitchell Elegbe tun 2002, mai katin Verve, da Paga ta Tayo Oviosu tun 2009. Paystack, wadda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015, kamfanin Stripe na Amurka ya saye ta a 2020 kan sama da dala miliyan 200. Ku duba jerin nan da kyau, kusan dukkansu a Legas suka tsiro. Kano da ake yi wa kirari da cibiyar kasuwanci har yanzu mai amfani ce, ba mai ƙerawa ba, kuma wannan abu ne da ya kamata ya dami attajiranmu da jami'o'inmu.

Shin ko kun san cewa Najeriya ce ƙasa ta farko a Afirka da babban bankinta ya fitar da kuɗin intanet na kansa? Shugaba Muhammadu Buhari ne ya ƙaddamar da eNaira ranar 25 ga Oktoban 2021. Bayan shekara guda, binciken Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya gano cewa mafi yawan waɗanda suka sauke manhajar ba sa taɓa ta. Dalilin a fili yake: ba ta zo da wani abin da tiransifa ba ta riga ta yi ba.

Shin ko kun san cewa ba sai da babbar waya ko data ake tura kuɗi ba? Lambobin nan masu farawa da tauraro, irin su *737# na GTBank, *894# na First Bank, *919# na UBA, *901# na Access da *966# na Zenith, suna aiki a kan ƙaramar waya mai madannai. Su ne gatan mutanen karkara. Tun watan Maris na 2021 ake cajin naira 6.98 a kansu, kuma bayan doguwar taƙaddamar bashi tsakanin bankuna da kamfanonin waya, a 2025 aka koma cire kuɗin daga katin wayar mutum maimakon asusunsa. Wanda ba shi da ko sisi a layinsa, ko da asusunsa cike yake, sai ya nemi kati tukuna.

Shin ko kun san nawa ake yanka a kan kowace turawa? Ƙa'idar Babban Banki ta 2020 ta ce naira 10 in kuɗin bai wuce 5,000 ba, naira 25 har zuwa 50,000, naira 50 in ya haura haka. Ban da wannan akwai harajin gwamnati na naira 50 a kan turawar da ta kai naira 10,000, wanda a watan Disambar 2024 aka faɗaɗa shi ya haɗa da su OPay da Moniepoint. Naira 50 ba komai ba ce ga mai tura miliyan ɗaya. Ga mai ribar naira 300 a kan cinikin 10,000 kuwa, in a kansa ta faɗa, kashi ɗaya cikin shida na guminsa ne.

Shin ko kun san cewa cikin waɗanda suka fi cin moriyar wannan sauyi akwai matan da ke sana'a a cikin gida? A da sai an ɗora wa yarinya talla, ko a jira dillaliya ta zagayo. Yanzu mai turaren wuta da humra, mai atamfa da leshi, mai dambun nama da alkaki, ta ɗora hoton kayanta a WhatsApp, mai saye a Abuja ko Legas ya turo kuɗi, a kai saƙo tasha. Ba ta taka ƙofar gida ba, kuɗin kuma ya shiga asusun da sunanta ne a kai, ba hannun wani ba. Adashe ya koma waya. Gudummawar biki da ta suna da goron Sallah duk sun bi sahu, har masallatai sun liƙa lambar asusu a bango don neman taimakon gini.

Shin ko kun san cewa alat ba shaida ba ce? 'Yan damfara na iya aiko da saƙon da ya yi kama da na banki sak, har da sunan bankin a sama. Abin da ba sa iya yi shi ne ƙara ko kobo a asusunku. Kafin a miƙa kaya a duba abin da ke cikin asusun, ba saƙon da ya shigo ba, kuma ba hoton rasit ɗin da aka nuna a wayar mai saye ba. Haka nan babu bankin da zai kira ku ya nemi lambar sirri ta kati ko lambar nan da ake turowa ta ɗan lokaci. Duk wanda ya nema, ko da ya ambaci cikakken sunanku da ranar haihuwarku, ɓarawo ne.

Lambar BVN mai lambobi 11, wadda aka ƙaddamar ranar 14 ga Fabrairun 2014, don toshe irin wannan ɓaraka aka yi ta. A ƙarshen 2023 Babban Banki ya ce ko ƙaramin asusu sai an haɗa shi da BVN ko lambar katin ɗan ƙasa ta NIN. A watan Afrilun 2024 ya dakatar da wasu daga cikin sababbin kamfanonin daga buɗe wa sababbin mutane asusu, har sai da suka ƙara tsaurara tantancewa aka sake su bayan wasu makonni.

Shin ko kun san cewa in banki ya durƙushe akwai inshora a kan ajiyarku? A 2024 hukumar NDIC ta ɗaga abin da take biya zuwa naira miliyan 5 ga mai ajiya a babban bankin kasuwanci, miliyan 2 ga mai ajiya a ƙaramin banki. Ya dace kowane ɗan kasuwa ya san irin lasisin da ke hannun kamfanin da yake tara cinikinsa a ciki. In kuma kuɗi suka maƙale, a shigar da ƙorafi a rubuce a karɓi lambar shaida. In mako biyu ya wuce ba a warware ba, mutum na da haƙƙin kai ƙara sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki.

Shin ko kun san cewa duk da wannan ci gaba tsabar kuɗi ta dawo da ƙarfinta? Zuwa ƙarshen 2024 kuɗin da ke yawo ya haura naira tiriliyan 5, kuma sama da kashi 90 cikin 100 yana wajen bankuna, fiye da yadda yake ranar da aka yi sanarwar sauya fasalin naira.

Shin ko kun san cewa Arewa maso Yamma ce ta fi kowane yanki yawan waɗanda wannan tafiya ta bari a baya? Binciken da cibiyar EFInA ta yi a 2023 ya nuna kashi 26 cikin 100 na manyan Najeriya ba su da wata hulɗa da harkar ajiya ko tura kuɗi. A Arewa maso Yamma kashi 47 ne, a Arewa maso Gabas 38, alhali a Kudu maso Yamma 5 ne kacal. Akwai masu cewa ƙyamar kuɗin ruwa ce ta jawo, kuma a da hujja ce mai ƙarfi. To amma bankin Jaiz ya buɗe tun 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, TAJBank ya biyo a 2019, Lotus a 2021. Abin da ya rage ya fi ƙarfin wannan bayani: talauci, rashin iya karatun boko alhali saƙonnin banki da Turanci suke zuwa, matan da ba su da wayar kansu, nisan wurin yin rajistar katin ɗan ƙasa, sai kuma uwa uba sabis. A watan Satumbar 2021 an katse layukan waya a faɗin jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka kuma yi haka a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Tsawon makonni POS bai yi aiki ba, lambobin tauraro ba su yi ba, wanda ɗansa ya turo masa kuɗin abinci daga kudu sai ya hau mota zuwa garin da ke da sabis, a kan hanyar da ake tare mutane, kafin ya san ma ko kuɗin sun shigo.